Idan Magani Ya Kawo Illa: Yadda Za Mu Gane da Abin da Za Mu Yi

'Yan'uwa, a cikin zagayen da muke yi a ƙauyukan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura mun gamu da abubuwa biyu da suka sa muka rubuta wannan bayani.

Na fari, wata uwa ce aka saya mata Septrin a kemis domin tari. Bayan mako guda sai zazzaɓi ya rufe ta, idanunta suka yi ja, leɓunanta suka fashe, ƙuraje suka feso mata a ƙirji. Mutanen gida suka ce baƙon dauro ne ya kama babba, suka koma suka ƙaro mata irin maganin nan. Da jikin ya tsananta aka kai ta asibiti, wata maƙwabciya kuwa ta yi dabara ta ɗauko kwalin maganin. Da likita ya gani sai ya ce a daina ba ta nan take, gama maganin ne yake ƙona ta. Ta yi makonni a kwance kafin ta tashi.

Na biyu, wani dattijo ne aka sa shi a kan maganin tarin fuka. Kwana biyu da farawa ya ga fitsarinsa ya yi ja. Ya ɗauka jini ne, ya tsorata, ya ajiye maganin bai gaya wa kowa ba. Bayan watanni tarin ya dawo fiye da dā, yana kuwa kwana ɗaki ɗaya da jikokinsa. Jan fitsarin nan launin maganin ne kawai, ba ya cutarwa.

Matar ta ci gaba da shan abin da ya kamata ta daina. Dattijon ya daina abin da ya kamata ya ci gaba da sha. Dukansu biyu ba wanda ya gaya musu abin da za su sa ido a kai. Nufinmu a nan shi ne kowane gida ya iya bambanta illar da ake haƙuri da ita da wadda ake gudu asibiti dominta.

Me ya sa magani yakan yi illa?

Duk maganin da yake da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. Ƙwayar da muka haɗiya tana bin jini ta zaga dukan jiki, hanta ta sarrafa ta, ƙoda ta tace ta ta fitar. Illa takan zo ta hanyoyi huɗu.

• Yawan magani. Shan fiye da yadda aka ce, ko ba yaro adadin babba.
• Jiki bai karɓa ba. Akwai wanda jininsa bai yarda da wani magani ba, ko da ya sha daidai. Wannan ba laifin kowa ba ne, amma in ya faru sau ɗaya zai iya sake faruwa, ya kuma fi na farko muni.
• Haɗa magunguna. Maganin asibiti da na kemis da jiƙo ko sassaƙe, duk a ciki ɗaya, ba wanda ya san da ɗayan.
• Maganin kansa ba shi da kyau: na jabu, ko wanda lokacinsa ya wuce, ko wanda rana ta lalata, ko wanda guba ta shiga tun a masana'anta.

Wannan ta huɗu ta taɓa jawo wa ƙasarmu babban makoki. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a yankunan Jos da Ibadan bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da wani sinadari mai guba, irin wanda ake sawa a man birki. A ƙarshen 2008 abin ya sake faruwa da maganin fitar haƙori mai suna My Pikin. Likitoci a Zariya, Legas da Ibadan suka ga ana ta kawo jarirai da fitsarinsu ya ɗauke, suka kai rahoto, aka bi sawu har aka gano maganin aka janye shi daga kasuwa. A farkon 2009 Ma'aikatar Lafiya ta ce yara 84 ne suka rasu. A 2022 kuma yara wajen 70 suka mutu a Gambiya ta irin wannan hanya, daga maganin tari da mura. Mu lura: fitar haƙori ba ciwo ba ne da ke bukatar maganin kwalba. In yaro mai haƙori yana zazzaɓi ko zawo, a kai shi a duba shi.

Alamun da ba na tsoro ba ne

Waɗannan sukan zo da magani mai kyau. Kada a daina magani dominsu. In sun dame ku, ku gaya wa ma'aikacin lafiya.

• Jan fitsari, ko gumi da hawaye masu launin ja, ga mai shan maganin tarin fuka.
• Baƙin bayan gida ga mace mai ciki da ke shan ƙwayar ƙarin jini, in dai ba ta jin jiri ko ciwon ciki mai tsanani.
• Ɗaci ko ɗanɗanon ƙarfe a baki ga mai shan Flagyl.
• Yawan fitsari ga mai shan wasu magungunan hawan jini.
• Barci-barci bayan maganin mura ko na ƙaiƙayi. Sai dai kada a hau babur ko a shiga rijiya a lokacin.
• Ɗan ciwon ciki ko jiri ga 'yan makaranta bayan maganin tsargiya. Yakan yi sauƙi in yaro ya ci abinci kafin ya sha. Ranar rabon magani kada a tura yaro makaranta da yunwa.

Akwai kuma waɗanda ba na gaggawa ba ne amma suna bukatar a koma asibiti a canja magani, kamar busasshen tari da ba ya ƙarewa ko kumburin ƙafa ga mai shan maganin hawan jini. Magungunan hawan jini iri-iri ne, in wannan bai karɓe ka ba akwai wani. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya ajiye a ɓoye, sai an wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye.

Alamun haɗari

In ɗaya daga cikin waɗannan ta bayyana, kada a ƙara ko ƙwaya ɗaya. A nemi abin hawa a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne.

• Kumburin fuska, leɓe ko harshe, borin jini a dukan jiki, numfashi da ƙyar, ko suma, musamman jim kaɗan bayan allura ko shan magani. Wannan yana iya kashewa cikin mintoci.
• Ƙuraje tare da zazzaɓi, gyambo a baki, jan ido, bororo, ko fata tana saluɓewa. Likitoci suna kiransa ciwon Stevens-Johnson. Yakan fito daga 'yan kwanaki zuwa 'yan makonni bayan fara magani. Septrin, Fansidar, wasu magungunan farfaɗiya da wasu na ƙanjamau suna cikin waɗanda suka fi kawo shi.
• Idanu sun yi rawaya kamar shawara, da amai da kasala, musamman ga mai shan maganin tarin fuka. Hanta ce take kuka.
• Fitsari ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke.
• Aman jini, ko baƙin bayan gida mai yauƙi da wari ga mai shan maganin ciwon jiki.
• Jijjiga, ruɗewa, ko barcin da ba a iya tashin mutum.
• Ji ya ragu ko mutum yana tangaɗi bayan jerin allurai.

Akwai wata alama da takan ruɗa jama'a. Wasu magungunan hana amai da na taɓin hankali sukan sa wuya ya murɗe, harshe ya fito, idanu su juya sama. Sau da yawa akan ce iska ce ta shiga mutum. Maganin ne, akwai kuma allurar da ke warware shi a asibiti cikin ɗan lokaci. Iyalan da ke karɓar magani a asibitin masu taɓin hankali na Kazaure su riƙe wannan, su koma a gyara musu maimakon su watsar.

Magungunan da suka fi ba mu wahala

Maganin gajiya. Lokacin noma da girbi, mutum ya dawo daga gona jiki duk ya yi tsami, sai ya ce wa mai kemis ko mai talla a haɗa masa. Sai a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ba suna ba kwali. Sau da yawa a cikin haɗin nan akwai biyu ko uku 'yan gida ɗaya, kamar diklofenak, ibufurofen da Feldene, wani ma ya ɗora Alabukun a kai, wanda asfirin ne a cikinsa. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illar ce take ninkuwa. Suna cin bangon ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, suna kuma raunana ƙoda, balle ga wanda ya wuni a rana bai sha isasshen ruwa ba. In dole ne, a sha iri ɗaya tak, bayan cin abinci, na 'yan kwanaki kaɗan. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mace mai ciki su guje su.

Farasitamol. Shi ne mafi sauƙi a cikin magungunan ciwo, amma yawansa yana kashe hanta. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 2 a lokaci ɗaya, ko ƙwaya 8 a yini da kwana. A tuna cewa Panadol farasitamol ne, yawancin magungunan mura ma suna da shi a ciki. Wanda ya sha da yawa yakan ji garau a ranar farko, sai bayan kwana biyu ko uku hanta ta nuna. Saboda haka ba a jiran alama, a tafi asibiti ranar da abin ya faru.

Sha-ka-fashe. 'Yan mata da amare sukan sha domin su yi ƙiba. Abin da ake gani kumburi ne na ruwa da kitse a fuska da ciki. Ƙwayar tana kawo hawan jini da ciwon sukari, tana raunana ƙashi, tana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, gama hakan ma haɗari ne. Ta je asibiti a rage mata sannu a hankali.

Tiramol da kodin. Samari suna shan tiramol domin su jure aiki. Yana kama mutum har ya kasa bari, yawansa kuma yana kawo jijjiga da tsayawar numfashi. A 2017 an faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 ta maganin tari mai kodin kowace rana a Kano da Jigawa, a watan Mayu na 2018 kuwa gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi. Yaron da ya faɗa wannan hali majinyaci ne, yana bukatar asibiti da haƙurin iyaye.

Allura. Da yawanmu muna ganin in ba a yi allura ba, ba a yi magani ba. Yawancin cututtuka ƙwaya tana warkar da su daidai da allura. Allurar da wanda bai iya ba ya yi a ɗuwawu tana iya taɓa jijiya ta shanye ƙafar yaro, ko ta yi ƙurji mai mugunya. Hukumar NAFDAC ta hana Novalgin da Analgin a 2005, ta kuma hana allurar jentamaisin mai lamba 280 a 2010 saboda tana kurumtarwa tana lalata ƙoda. In aka yi muku allura a asibiti, ku zauna kamar rabin sa'a kafin ku kama hanya.

Ja-da-yalo da sauran kafso. Ba kowane zawo ko mura ke bukatarsu ba. Ja-da-yalo yana ɓata haƙoran yaro ƙasa da shekara 8, bai kuma dace da mai ciki ba. Zawon yaro ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink yake bukata. Mai shan Flagyl kuma kada ya kusanci giya ko burkutu sai bayan kwana biyu da gamawa.

Waɗanda ke bukatar kulawa ta musamman

Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa kafin a ba ta kowane magani, ko da cikin bai fito ba. Kada a yarda a yi wa mai naƙuda allurar zafi ko a ba ta ƙwayar hanzarta haihuwa a gida, gama mahaifa tana iya fashewa.

Yara ana auna musu magani ne bisa nauyi da shekaru. A yi amfani da ma'aunin da ya zo da kwalbar, cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Kada a ba yara asfirin ko Alabukun.

Tsofaffi ƙodarsu ta rage aiki, magani yakan daɗe a jikinsu. Mai shan maganin ciwon sukari in bai ci abinci ba, ko yana azumi, sukarinsa na iya faɗuwa: gumi, rawar jiki, ruɗewa. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari ko zuma nan da nan. In ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a kwantar da shi ta gefe a kai shi asibiti. Kafin a fara azumi a nemi shawarar likita.

Maganin rigakafin zazzaɓin damina

Kowace damina masu rabon magani suna bi gida-gida suna ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin kare su daga zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan tsari a 2012, aka fara shi a jihar Katsina a 2013, daga baya ya iso Jigawa. Ana bayarwa sau ɗaya a wata, na kwana uku: ranar farko a gaban mai rabo, sauran kwana biyu uwa ce take bayarwa. Yana hana yara da yawa kwanciya, muna kuwa roƙon kowane gida ya karɓa.

Wani yaro yakan yi amai, ko ɗan zawo, ko kasala. Wannan yakan wuce. In ya amayar cikin rabin sa'a, a gaya wa mai rabon. Amma a sanar da shi tun kafin ya bayar in yaron yana zazzaɓi ko rashin lafiya a ranar, in yana shan Septrin, ko in ya taɓa yin ƙuraje ko kumburi bayan Septrin ko Fansidar. Kada a ba yaro kason kwana biyu a rana ɗaya, kada kuma a raba wa yayyensa.

In zazzaɓi ya kama mutum, a yi gwajin jini tukuna. Tun 2005 ƙasarmu ta bar kulorokwin ta koma irin su Coartem. Ana shansa sau 6 cikin kwana 3, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko nono, a kuma shanye duka ko an ji sauƙi.

In illa ta faru

1. A duba: alamar tana cikin na haɗari? In haka ne, a tsayar da maganin a tafi Babban Asibitin Kazaure, ko na Babura, ko wanda ya fi kusa.
2. A tafi da dukan abin da majinyaci ya sha: kwali, kwalba, leda, har da na gargajiya. Kada a ɓoye domin kunya ko tsoron faɗa.
3. In yaro ya haɗiye magani da yawa, kada a sa masa yatsa ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A ɗauke shi da kwalbar a tafi.
4. Kada a sayi wani magani domin a kashe illar na farko.
5. Maganin farfaɗiya, hawan jini, ciwon sukari, tarin fuka ko ƙanjamau ba a ajiye shi a yi shiru. In an tsayar saboda alamar haɗari, a ga likita a ranar.
6. A roƙi ma'aikacin lafiya ya rubuta sunan maganin da bai karɓi mutum ba a kati. A riƙa nuna katin duk inda aka je.
7. A roƙe shi ya kai rahoto. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da cibiyar tattara rahoton illar magunguna tun 2004. Akwai takarda mai launin rawaya da ake cikawa, tun 2020 kuma akwai manhajar waya mai suna Med Safety. Irin wannan rahoto ne ya tona asirin My Pikin.

Kafin a sha

Matambayi ba ya ɓata. Duk wanda ya ba ku magani, ku tambaye shi: Mene ne sunansa? Na mene ne? Nawa zan sha, sau nawa, har kwana nawa? Kafin abinci ko bayansa? Wace alama zan gani in dawo?

Ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwali. In akwai wurin kankarewa, ku kankare ku aika lambar kamar yadda aka rubuta. Ku saya a kemis mai lasisi, ku bar na tire da na cikin mota da ke wuni a rana ranar kasuwa. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su a ƙasa da zafin digiri 30, mu kuwa a bazara mukan wuce 40. A nemi wuri mai inuwa da sanyi, nesa da murhu da rufin kwano, inda hannun yara ba ya kaiwa. Maganin garin da ake zuba wa ruwa domin yara ba ya wuce kamar mako guda bayan an haɗa. Ragowar maganin wani kuwa ba naka ba ne, ko da ciwonku ya yi kama.

Abin da za mu yi tare

A wasu ƙauyuka mun gwada wannan a taron zumuntar mata da na matasa, ya kuwa yi amfani. A sa rana kowa ya kawo dukan magungunan da ke ɗakinsa, a gayyaci ma'aikacin lafiya na kusa ya duba su, a ware marasa suna da waɗanda suka lalace a ba shi ya tafi da su. A zaɓi mutum biyu masu karatu da za su riƙa taimaka wa tsofaffi da karanta kwali. A kuma san tun yanzu babur ko motar wa za a nema da dare, da inda kuɗin mai zai fito. A gayyaci maƙwabta duka, gama kemis ɗaya muke zuwa.

Tambayoyi domin tattaunawa

• Wane magani aka fi saya a ƙauyenmu ba tare da an ga ma'aikacin lafiya ba? Don me?
• Akwai wanda magani ya taɓa yi wa illa a gidanmu? Mun san sunan maganin? An rubuta?
• Me ke hana mu gaya wa likita cewa mun sha na gargajiya ko na kemis?
• In yaro ya kumbura bayan shan magani yau da dare, wa za mu tasa, ina za mu nufa?